Na sayi jirgi maras matuƙi na hannu, manhaja ta ce na wani ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a nan Kano. Watan jiya na sayi DJI Mini 3 Pro na hannu wajen wani dillali, da rimot ɗinsa mai allo. Duk sanda na kunna sai manhaja ta nuna min jirgin a ɗaure yake da asusun wani. Dillalin ya ce in kai a yi masa filashin, komai zai goge. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗin filashin ɗinka, ba zai yi maganin komai ba. Wannan ɗaurin ba a cikin jirgin yake zaune ba balle a wanke shi kamar waya. Yana can a rumbun ajiyar bayanai na kamfanin DJI a intanet, an rubuta lambar jirgin kusa da imel ɗin mai shi na farko. Ko sau goma ka mayar da shi yadda ya fito daga kwali, da zarar ya ji intanet zai sake gaya maka na wani ne.

Inda masu sana'arku ke ruɗewa shi ne, haɗi iri biyu ne. Akwai haɗa rimot da jirgi don su ji maganar juna. Wannan aikin minti ɗaya ne: ka zaɓi haɗawa a manhajar DJI Fly, ka danne maɓallin kunna jirgin sama da daƙiƙa 4 har ya yi ƙara, shi ke nan. Kowa zai iya, shi ya sa dillali yake tayar maka da jirgi a gaban shago, ka ga ya tashi sama ya sauko lafiya, ka ƙirga masa kuɗi kana murmushi. Na biyun shi ne ɗaure jirgi da asusu, kuma shi ne takardar mallaka. Ka sayi fili ne an nuna maka iyaka, amma takarda tana aljihun wani.

Kwancewar ba wuya in mai shi yana raye kuma yana da niyya. Zai buɗe DJI Fly a wayarsa, ya shiga Profile, ya taɓa Device Management, ya zaɓi jirgin ya cire shi daga asusunsa. Ba sai jirgin yana hannunsa ba, ko yana Dubai zai iya, intanet kawai yake buƙata. Yana cirewa sai kai kuma ka ɗaure shi da naka nan take, kada ka bari sai gobe.

Idan ba a san inda yake ba fa? Nan ne gizo ke saƙa. A da akan rubuta wa kamfanin, a tura rasit da lambar jirgi a roƙi su kwance. Daga watan Yuni na 2025 sun tsaurara: mai asusun da jirgin ke ɗaure da shi ne kaɗai ake saurara. Ni ban ga laifinsu sosai ba, domin hanyar da ɓarawo zai bi ya halatta kayan sata ke nan aka toshe, sai dai ta shafi irinku da suka saya da zuciya ɗaya. Don haka ka koma wa dillalin yau ɗin nan. Ko ya haɗa ka da wanda ya sayar masa, ko ya karɓi kayansa ya ba ka kuɗinka. In ya fara "ai yana tashi, me kake so kuma", ka tambaye shi nawa zai saya a hannunka a haka.

Kada kuma ka yarda da sulhun da wasu ke yi, wai tsohon mai shi ya ba ka imel da kalmar sirrinsa ka riƙa shiga da su. Ranar da ya canza kalmar sirri ka koma gidan jiya, kuma bayanan tashin da manhaja ta ɗora, har da wuraren da ka je aiki, a asusunsa za su taru.

Tambaya: Malam, ni mace ce, ina ɗaukar hotunan gonaki da gine-gine a Damagaram da jirgin DJI Mini 2. Ranar nan muna wani ƙauye jirgin ya ƙi wuce mita 30 a sama, ya ƙi yin nisa fiye da mita 50. Ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, 'yar'uwa. Waɗannan lambobi biyu, 30 da 50, su ne takunkumin da DJI ke sa wa jirgi idan ba a shiga asusu a manhajar ba. Wataƙila kin sabunta manhajar, ko kin canza waya, ko ta fitar da ke da kanta ba ki lura ba, sai ga ki a inda babu sabis ɗin da za ki koma ciki. Tashi kansa ba ya buƙatar intanet, shiga asusu ne ke buƙata. Ki mayar da shi al'ada: daren da za ki fita aiki, yadda kike cajin batura, ki buɗe manhajar ki leƙa Profile ki ga sunanki yana nan.

In kin zo shiga ta ƙi karɓa alhali kin tabbata kalmar sirrin daidai ce, duba kwanan wata da agogon wayar kafin ki zargi kowa. Agogon da ya kauce yana hana waya gaisawa da rumbun kamfani, sai ta yi ta cewa matsalar sadarwa ce. Masu rimot mai allo sun fi faɗawa wannan rami, musamman in ya daɗe a ajiye. Su haɗa shi da Wi-Fi ko intanet ɗin wayarsu, su gyara lokacin. Lambar tantancewa da kamfanin ke turowa ta imel kuwa, in ba ta iso ba, a leƙa akwatin tarkacen imel.

In tsayi kaɗai aka taƙaita ban da nisa, to wannan wani zance ne, yawanci jirgin bai kama isassun taurarin ɗan'adam da ke nuna masa inda yake ba. Ki ba shi minti ɗaya ko biyu a fili.

Tambaya: Na nemi DJI Fly a Play Store ban samu ba, sai wasu masu kama da ita. Kuma yaron shagon da na sayi jirgin ne ya buɗe min asusu, ban san imel ɗin da ya sa ba.

Amsa: Ba ka same ta ba ne don ba ta can. Masu Android daga shafin DJI na intanet suke sauke ta, masu iPhone kuma tana App Store. Masu kama da itan nan ka bar su inda ka gan su, kada ka rubuta musu kalmar sirrinka. Sannan manhajar tana son waya mai tsarin 64-bit, shi ya sa ƙananan wayoyi masu Android Go da yawa ba sa ɗaukarta. Tsofaffin jirage irin su Phantom 4, Spark da Mavic 2 kuwa manhajar DJI GO 4 suke amfani da ita, amma asusu ɗaya ne ke buɗe duka biyun.

Maganar yaron shago ta fi damuna. Kalmar sirri in ta ɓata, ta imel ake dawo da ita, kai kuma imel ɗin ba naka ba ne. A idon kamfani, jirgin da ka biya kuɗinsa na yaron ne. Tun yana nan a shagon, kuma tun kuna gaisawa, ka buɗe asusu da imel ɗinka, ka ɗauki jirgin ka je ya cire shi daga wancan a gabanka, ka ɗaure da naka kafin ka bar wurin. Ka rubuta imel ɗin da lambar jirgin a bayan rasit ka adana, za su yi maka amfani in kana Najeriya ka tashi neman izinin tashi daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.