Na Canja Tayarod, Sitiyari Ya Karkace: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Malam, ina da Toyota Corolla ƙirar 1998. Bakanike ya canja mini tayarod biyu da boljoyin, kuma tun daga ranar sitiyarin ya karkata hagu, motar tana ja dama, tayar gaba kuma ta fara cinyewa ta ciki. Ya ce ya ƙidaya zagayen da ya yi wajen kwance tsofaffin, ya mayar da sababbin daidai. Me ya kamata in yi?

Amsa: Ƙidayar zagaye dabara ce ta kai mota lafiya wurin masu alaimen, wato masu auna tayoyi su daidaita tsayuwarsu, amma ba ta maye gurbin awo, domin sabon tayarod ba lallai ne tsawonsa ya zo ɗaya da na tsohon ba, musamman idan kamfanin da ya ƙera su daban ne. Tayarod shi ne yake tsayar da fuskar taya, ko ta kalli ciki ko ta kalli waje, kuma kuskure kaɗan a nan yana da tsada. Idan taya mai rim inci 14 ta kauce da milimita 3 kacal, ana jan ta a kaikaice kusan mita 8 a kowace kilomita. Ka shafa tafin hannunka a kan tayar daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. Idan ka ji santsi ta ɗaya ɓangaren, kaifi kamar haƙoran zarto ta ɗayan, to tayoyinka sun buɗe, wato gabansu yana kallon waje, kuma shi ne yake cinye su ta ciki.

Sai dai kada ka garzaya wurin alaimen tukuna. A tsohuwar mota, a fara ɗaga gabanta da jak, a kama taya ta gefe da gefe a girgiza, sannan ta sama da ƙasa. Idan akwai wasa a tayarod na ciki, ko boris, ko robobin hannun ƙasa, duk awon da aka yi zai rushe a ramin farko da ka faɗa, kuɗinka kuma ya tafi a banza.

Jan da motar take yi dama wata magana ce daban, domin tayarod ba kasafai yake jawo shi ba. A daidaita iskar tayoyin, sannan a musanya tayoyin gaba biyu. Idan jan ya koma hagu, laifin taya ne. Idan bai canja ba, a duba ko ƙafar shokoba ta lanƙwashe, ko birkin dama yana kamawa.

Wajen alaimen ɗin, ka tsaya a kansu su kafe sitiyari a tsakiya, su gyara tayarod na hagu da na dama duka, su kuma auna tayoyin baya, tunda wannan Corolla ana iya daidaita bayanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire sitiyari a mayar da shi a miƙe don a rufe ido. Yin haka yana sa motar ta fi juyawa gefe ɗaya, kuma yana iya tsinka wayar hon da ta jakar iska da take naɗe a bayansa. Bayan an gama, a ɗaure notocin tayarod sosai, ka gwada motar a shimfiɗaɗɗiyar kwalta kafin ka biya.