Tambaya da Amsa: Shin kifin shak zai kai min hari a Bahar Maliya?

TAMBAYA: Malam, ɗana da ke karatu a Masar yana son ya kai ni Sharm el-Sheikh, garin da ke bakin Bahar Maliya, mu yi nutso da tukunyar iska, mu ga duwatsun murjani. Na iya iyo tun muna yara a Challawa, amma tsoron kifin shak ya hana ni amsa masa. Daga wani mai karatu, Fagge, Kano.

AMSA: Alhaji, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ka amsa masa. Shak ɗin da aka fi gani a kan murjani ƙanana ne, galibi su ke kauce wa mutum. An taɓa samun hari a yankin, kamar a 2010, amma abu ne da ba kasafai ba.

Ni abin da ya fi damuna hannunka ne. Akwai kifin da ke kwanciya a ƙasa, ba ka bambanta shi da dutse, ƙayar bayansa kuwa dafi ce mai tsanani. Akwai murjanin da ke ƙona fata. Shi kansa murjanin dabba ce mai rai, taɓawa tana yi masa illa. Kada ka taɓa komai, ko da kunkurun teku ya zo dab da kai, kuma a Ras Muhammad, wurin nutso da ke kusa da Sharm el-Sheikh, yakan zo.

Iyon Challawa zai taimaka, amma sai ka samu horo. Takardar shaidar horon nutso ta farko iyakarta zurfin mita 18. Kada ka riƙe numfashi yayin tasowa, iskar huhu tana faɗaɗa. In kuna nutso a jere, ka bar aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin dawowa Kano. In kana da hawan jini ko asma, fara ganin likita tun a nan gida.