Karenmu ya tauna maganin ɓera a gidan da muke gyarawa, amma garau yake. Mu jira?

Tambaya:

Likita, barka da aiki. Ni da maigidana mun sayi wani tsohon gida a ƙauye, wata huɗu ke nan muna zaune a ciki ana gyara, tare da karnukanmu biyu. Da aka ɓalle silin sai ɓeraye suka yi ta fitowa, wani cikin masu aikin ya zuba magani lungu-lungu bai gaya mana ba. Shekaranjiya da yamma na tarar da ƙaramin, ɗan wata tara, yana tauna ledar, bakinsa duk ya yi shuɗi. Mai aikin ya ce in ba shi madara, na ba shi. Yau kwana biyu yana ci yana wasa. Maigida ya ce da zai mutu da tuni ya mutu, amma ni ko barci na kasa. Ita kuma babbar kullum tana lasar ƙafa idan ta taka ƙurar tsohon fentin da ake kankarewa. Yaya zan yi?

Amsa:

'Yar'uwa, ki kai ƙaramin asibitin dabbobi yau, kada ki bari gobe. Ki tafi da ledar ko kwalin maganin, ko da guntun da ya tauna ne kawai ya rage. Idan an yar, a nemo mai aikin ya faɗi sunan da ke jiki. Babbar ma a tafi da ita, don ba ki san abin da ta tsinta a bayan idonki ba.

Maganar maigida kuwa, babu wadda nake yawan ji kamarta, kuma babu wadda ta jawo mini asarar karnuka kamarta. Yawancin maganin ɓera da ake sakawa a gidaje, irin su brodifacoum da bromadiolone da difenacoum, ba ya kashewa nan take, kuma da gangan aka haɗa shi haka. Ɓera dabba ce mai wayo, idan ya ɗanɗana abu cikinsa ya murɗa ba zai sake komawa ba, shi ya sa aka yi gubar da za ta bar shi ya ci ya ƙoshi ya tafi lafiya. Abin da take yi shi ne ta hana hanta sake sarrafa bitamin K, wanda da shi ake haɗa sinadarai huɗu na daskarar da jini. To amma ranar da kare ya ci gubar, jininsa cike yake da waɗanda aka riga aka haɗa. Da su zai ci gaba da rayuwa, yana gudu yana haushi, suna ƙarewa a hankali ba a mayar da gurbinsu. Sai a kwana na uku zuwa na biyar, wani lokaci har mako guda, jini ya fara tsiyaya. Wasan da kike gani yau ajiyar jiya yake ci.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne jinin ba kasafai ake ganinsa ba. Mutane suna jiran haɓo ko aman jini, alhali sau da yawa cikin ƙirji ko cikin ciki yake taruwa. Sai kare ya yi laushi, ya ƙi abinci, yana haki ko tari, dasashinsa ya yi fari fat. Wani ɗingishi zai fara saboda jini ya taru a gaɓa, a ce ai katako ne ya faɗo masa. A gidan da ake aiki kuwa, ga ƙusa ga kwano ga tarkace, ɗan bugun da lafiyayyen kare ba zai ma ji ba ya isa ya buɗe hanyar jinin. Idan aka kawo shi a wannan hali, bitamin K kaɗai bai wadatar ba, domin yana ɗaukar awa shida zuwa goma sha biyu kafin ya fara aiki, sai an ƙara masa jini ko ruwan jini, kuma ba kowane asibiti ke da shi a ajiye ba.

Ke kin zo a kan gaɓa. Damar sa shi amai ta wuce, wannan a cikin awa biyu zuwa huɗu na farko ake yinsa. Amma tsakanin awa 48 da 72 ne gwajin daskarewar jini, wanda muke kira PT, yake nuna gaskiya tun jini bai ɓalle ba. Idan gwajin ya nuna matsala, ko likita ya ga yawan abin da ya ci ya isa, za a ɗora shi a kan bitamin K1 na baki, kusan mako huɗu, ana haɗa masa da abinci mai ɗan maiƙo don ya shiga jiki sosai. Kada ki tsaya a mako ɗaya don kin ga ya murmure, gubar tana daɗewa a hanta. Kwana biyu zuwa uku bayan ƙwaya ta ƙarshe a maimaita gwajin. Kuma K1 na ce. Akwai masu sayar da magani da za su miƙa miki K3 su ce duk ɗaya ne. Ba ya maganin wannan guba, yana ma iya lalata jajayen ƙwayoyin jini.

Batun madara, na gaji da shi. Madara ba ta karya kowace irin gubar ɓera. Aikinta ɗaya, ta kwantar da hankalin mai kare har awannin da za a ceci dabbar su wuce. Wanda ya fi wannan muni shi ne ɗura ruwan gishiri don a jawo amai. Na sha karɓar karen da gubar da ya ci tana da magani, amma gishirin da aka ɗura masa ya taɓa ƙwaƙwalwa har yana jijjiga. Mutum ya iya ɗora rufi, ya iya yaɓe, wannan bai mai da shi likita ba, haka ma maƙwabcin da ya ce nasa karen ya taɓa ci bai mutu ba. Bai san nawa ya ci ba, bai san wane iri ba ne.

Irin ma shi ne dalilin da na nace a kan kwalin. Shuɗin da kika gani rini ne kawai, launi ba ya gaya mana abin da ke ciki. Akwai bromethalin mai kumbura ƙwaƙwalwa, ba shi da makari. Akwai cholecalciferol mai cika jini da kalsiyam har ƙoda ta tsaya. Akwai zinc phosphide mai fitar da iskar guba a ciki, wanda abinci ko madara ke ƙara masa ƙarfi, kuma warin aman yana cutar da mutumin da ke tsaye a wurin. Duk waɗannan bitamin K ba ya yi musu komai. Ɗacin da kamfanoni ke sakawa don hana yara ci ma kada ki dogara da shi, kare haɗiya yake yi kafin ya ɗanɗana.

Ita kuma babbar, damuwarki a kan hanya take. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wani ƙarfe mai guba. A Amurka sai 1978 aka hana shafa shi a gidajen zama, ƙasashe da dama sun yi jinkiri fiye da haka, wasu har yanzu ba su da doka. Gugar samfefa a bushe tana mayar da shi ƙura, ƙurar ta manne a ƙafa da gashi, kare ya lashe. Amai, zawo, rashin ci, firgita ba dalili, makanta ko jijjiga duk alamunta ne. A auna dalmar jininta tunda za ku je. A daina kankarewa a bushe, a riƙa jiƙa bangon, a share da tsumma mai lema maimakon tsintsiya, a rufe ɗakin da leda. Idan akwai yaro ƙarami ko mai juna biyu a gidan, sakamakon gwajin babbar ya shafe su, su ma a auna su.

Har a gama aikin, ki ware wa karnukan ɗaki ɗaya da aka kammala, nan za su ci su kwana, ki goge musu ƙafa duk shigowa. Ɗanyen siminti yana ƙona tafin ƙafa. Gam mai kumfa da kafintoci ke amfani da shi yana kumbura a ciki, sai an yi tiyata a ciro shi. Karen da ya sha tina (ruwan tsinka fenti) ko fetur ba a sa shi amai, domin abin zai shiga huhunsa. Ki duba ko an yi wa karnukan rigakafin cutar leptospirosis, don fitsarin ɓera ke yaɗa ta.

Kafin karnukan su dawo daga asibiti, a sa mai aikin ya bi lungu-lungu ya nuna duk inda ya zuba, a ƙirga a kwashe, har da matattun ɓerayen. A duba saman silin da ba a ɓalle ba da bayan tsofaffin kabad, domin masu gidan na da ma sukan bar nasu, kuma maganin yana shekaru bai mutu ba. Daga nan a koma tarko a cikin akwati mai rufi, a toshe ramukan da siminti da ragar waya.