Danƙon Ganye: Ka Ɗaga Kai Kafin Ka Ɗauki Famfo

Sabi'u, ka ce ka taɓa ganyen furen ixora na layin baya hannunka ya manne kamar an zuba ruwan sukari, ka duba waya ka ga Turawa na bayanin wani fure wai rhododendron, kana tambaya ko ciwo ɗaya ne. Wancan furen na ƙasar sanyi ne, ƙasa mai tsami yake so da inuwa, zafin Kaduna na Maris da Afrilu ba zai bar shi ba. Amma abin da ke sa ganyensa danƙo shi ke sa na ixora da hibiscus da lemo. Da ka tambayi kowane tsoho mai noman dawa, da ya ce maka darɓa ce. Ku yaran yanzu sai Bature ya faɗa kuke yarda.

Danƙon nan kashin ƙwari ne. Suna tsotse ruwan itacen, su zubar da zaƙin da ya yi musu yawa. Juya ganyen ka duba bayansa. Ko ka ga ƙananan ƙwari koraye ko baƙaƙe cunkushe a kan toho, ko fari kamar ƙullin auduga a inda ganye ya haɗu da reshe, ko wani ɗan ɓawo mai ruwan ƙasa manne da reshe kamar ɓawon gyambo. Wannan na ƙarshen ka kankare shi da farce, in ƙarƙashinsa da danshi yana raye. In ka girgiza reshe wani abu ya tashi kamar toka, farin ƙuda ne. Baƙin da ke kwanciya a kan ganye kamar kunkunniya kuwa a kan zaƙin yake tsirowa, bai shiga cikin ganyen ba, rana kawai yake tare masa.

To in ka juya ganye goma ba ka ga komai ba, ɗaga kanka sama. A nan aka taɓa yi mana asarar da har yau nake jin ɗacinta. Wani Alhaji a Malali aka dasa wa ixora 200 a jikin katanga, bisa sharaɗin sai sun kama zai cika kuɗi. Rabin layin yana ƙarƙashin wani tsohon mangwaro. Da danƙo ya fito, yaron da aka tura bai juya ganye ko ɗaya ba. Ya dama garin sabulun wanki cike da hannu biyu a famfo, ya ƙara maganin ƙwarin wake da ya rage a kwalba, ya yi feshi ana kiran azahar, cikin watan Afrilu. Kwana uku ganye ya ƙone ƙurmus ya zube. Ashe ƙwarin suna can kan mangwaron, masu audugar nan, zaƙinsu ne ke ɗigowa ƙasa, ixora lafiyarta ƙalau. Alhaji ya riƙe ragowar kuɗin, ya ce mu muka kawo masa cuta gida, alhali mangwaron nasa ya fi yaron shekaru. Aka sake dashe daga aljihunmu, ko kuɗin mota bai bayar ba.

Aikin ga shi. Fara da ruwa mai ƙarfi daga tiyo, ka bi bayan ganye, wannan kaɗai yana zubar da mafi yawan na kan toho. Reshen da ɓawon ya rufe ka yanke ka ƙone, kada ka jefa shi cikin taki. Sai man darbejiya, ƙaramin cokali ɗaya, wato mililita 5, a lita ɗaya na ruwa, da rabin cokali na sabulun ruwa mara ƙarfi don man ya haɗu da ruwan. Famfon goyo mai lita 16 zai ci mililita 80. In babu man, daka 'ya'yan darbejiya busassu, giram 50 a kowace lita, ka jiƙa su kwana, ka tace da ƙyalle, in ba haka ba bakin famfo zai toshe. Gwada a kan reshe ɗaya ka jira kwana biyu. Feshi bayan la'asar, kuma ka shayar da shukar tun da safe, mai ƙishi ita ke ƙonewa. Ka maimaita duk bayan kwana 7 har sau uku, domin ƙwai ba ya mutuwa a feshin farko. Masu audugar, in tukunya ɗaya ce ko biyu, goge su da auduga da sifirit.

Kiyashin da ke hawa da sauka kada ka raina shi, kiwon ƙwarin yake yi don zaƙin, yana kore masu cinye su. Bi layinsa ka nemo gidan, ka datse duk reshen da ya taɓa katanga. Maganin shago mai shiga cikin jikin shuka, irin imidacloprid, yana aiki a kan masu ɓawo, amma ban yarda ka zuba shi ga abin da ke fure ba, yana kashe ƙudan zuma, haka kuma kada ka zuba wa lemon da ake shirin ci.

Kuma na ga buhun yuriya ya yi ƙasa. Ita ke fito da toho mai laushi da ƙwarin ke rububi, ka ɗaga mata ƙafa har damina ta sauka. Gobe kafin ka taɓa famfo, kawo mini ganye uku daga layin bayan in gani da idona.