Amsa ga mai tambaya kan motsa hannu da madubi bayan shanyewar ɓarin jiki

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ƙafa ta fara ɗaukarsa amma hannu ko yatsa ba ya motsi, kuma kin ji ana cewa a yi masa aiki da madubi, shi ne kike tambaya ko gaskiya ne ko shaci-faɗi. Gaskiya ne. Na yi wa mahaifiyata, ita hagunta ciwon ya taɓa, kuma mai gashin ƙashin da ke duba ta ne ya koya mana.

Da farko ni ma dariya abin ya ba ni, sai da aka fahimtar da ni cewa hannun lafiyarsa ƙalau, ɓarnar tana cikin ƙwaƙwalwa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya dama na jiki, to na Baba can ne jini ya toshe ko ya ɓalle. Idan ido ya ga kamar hannun da ya mutu yana motsi, wurin da ke kula da shi a ƙwaƙwalwa yakan farka ya soma neman sabuwar hanya. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Ramachandran, shi ya fito da dabarar a shekarun 1990 domin waɗanda aka yanke wa hannu amma suna jin zafi a hannun da babu shi. A 1999 aka gwada ta ga masu shanyewar jiki.

Ga yadda muke yi. Ta zauna a gaban tebur, a tsayar da madubi a tsakiyar ƙirjinta, fuskarsa na kallon hannu mai lafiya, mara lafiyan kuma a ɓoye a bayansa. Mu a jikin kwali muka manna namu, muka huda masa ƙofa ta cusa hannun ciki. Sai ta riƙa buɗe tafi tana rufewa a hankali, ta kifa hannu ta birkice, ta ɗaga wuyan hannu, ta taɓa kowane yatsa da babban yatsa. Daga baya muka ƙara ɗaukar kofi da matse tsumma.

A nan nake so ki tsaya, don nan muka yi asarar kusan mako biyu. Umma tana ta yi, ni ina ƙirga mata ina jin daɗi, ashe hannunta na gaske take kallo, ba na cikin madubi ba. Wannan kuwa aikin banza ne. Ranar da mai gashin ya zauna ya lura, ya ce idonta ya kafe a madubin kawai, ta sa a ranta cewa hagunta take gani. Ya kuma cire mata zobe da agogo, domin da ƙwaƙwalwa ta ga zoben ta gane hannun dama ne, dabarar ta tashi. Rediyo ma sai da muka kashe, muka hana jikoki shigowa. A zama na uku bayan gyaran nan ta ɗago ta ce, "Kai, na ji wani yarr a wancan hannun." Ban manta yadda gabana ya faɗi ba.

Minti 15 muka fara da shi, muka kai 30, kwana 5 a mako. Idan ta gaji mukan raba shi biyu, safe da yamma. Wajen mako na huɗu ɗan manuninta ya fara lanƙwasa kaɗan, kamar tsutsa. Yau tana riƙe cokali tana ninke tufafi, amma maɓallin riga har yanzu yana ba ta wuya, don haka ba zan yi miki alkawarin da ban gani ba. Masu binciken Cochrane, wata ƙungiya mai tantance binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwaje 62 a 2018, na mutum kusan 2,000, suka ga aikin madubi yana taimaka wa motsi da hidimar yau da kullum, amma a matsayin ƙari kan gashin da ake yi, ba madadinsa ba. Maganin hawan jini da sauran abin da likita ya rubuta kuma kada a ɗaga musu ƙafa.

Wasu aikin madubin yakan sa su jiri ko tashin zuciya, wasu kuma kuka, ganin hannu yana motsi alhali sun san ba ya yi. In haka ta faru a dakata, a bari sai gobe. Kada kuma kowa ya ja hannun don a shigar da shi kwali, kafaɗar da ta shanye saurin gocewa gare ta. A tallabo shi ta gwiwar hannu.

Tunda damansa ne, ki lura ko yana fahimtar magana sosai, domin shanyewar dama takan zo da matsalar harshe. In umarni na rikita shi, zauna kusa ki yi motsin da hannunki ya kwaikwaya. Kafin ku fara, ki kai madubin wurin mai gashinsa ya ga zaman farko da idonsa.