Motata na durƙusawa in na yi lodi: in ƙara mata sifirin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina saro hatsi a kasuwannin ƙauye ina kawowa Dawanau da Hilux ɗina mai ƙofa biyu. In na ɗora buhu 15 na masara sai bayanta ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau. Bakanikena ya ce a ƙara falle biyu na sifirin a kowane gefe, wani kuma ya ce in sa jakar iska. Wanne ya fi, kuma kuɗin zai dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa. Kafin mu je wurin bakanike, mu fara da lissafin buhunan nan. Buhun masara cikakke kilo 100 ne ko kusa da haka, ke nan tan ɗaya da rabi kake ɗora mata. Hilux kuwa, gwargwadon samfurinta, abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, kuma a cikinsa har da kai, da yaron mota, da duk ƙarafan da aka yi mata walda a bodi. Buhu takwas zuwa tara ne haƙƙinta.

Abin da masu sayar da kayan gyara ba sa cika faɗa shi ne, ƙarin sifirin yana miƙar da mota ne kawai, ba ya ƙara mata ƙarfin ɗauka. Birkin nan shi ne dai, aksul da boris da shasi duk ba su canza ba. Durƙusawar da kake gani gargaɗi ne motar ke yi maka. In ka toshe shi da ƙarfe ka ci gaba da 15, nauyin zai koma kan abin da ya fi sifirin tsada, kuma ba a gareji zai nuna kansa ba, sai a hanya da kayan mutane.

Amma ban ce kada ka taɓa ta ba. Motar da ta sha irin wannan lodi, da wuya sifirin ɗinta bai riga ya saki ba. A sauke kaya a duba: in fallayen sun miƙe sun rasa lanƙwasarsu, ko ɗaya ya tsage, to sabon saiti mai ƙarfi ya fi ƙari a kan matacce. In suna da rai, falle ɗaya a kowane gefe ya isa, a sa sababbin ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul, a canza bushin da shok. Biyu zai sa ta riƙa tsalle in ba kaya, kuma rabin tafiyarka ai wayam kake yinta. Ko a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa za ka saya, ka tafi da bakaniken ku gwada tsayi da faɗi, kada a huda falle da wutar walda don a tilasta shi ya shiga, zafin yana kashe ƙarfen.

Jakar iska, wato jakar roba da ake sawa tsakanin shasi da aksul don ta taimaki sifirin, irin ta Firestone ko Air Lift, tana da daɗi: ka ƙara iska in ka yi lodi, ka rage in ka sauke. Sai dai daga waje ake kawo ta, farashinta na bin dala, kuma in ƙaya ko dutse ya huda ta a hanyar ƙauye ba kowane mai faci ne ya san ta ba. Tana kuma tara nauyi a wuri guda na shasi, wanda kan lanƙwasa shi in kaya sun yi yawa a can baya. Ga irin hanyarka, ni ban ba ka shawararta ba.

Akwai gyara biyu masu araha. Jera buhunan daga jikin kan mota, mafi nauyi a gaban tayoyin baya ko a kansu, kada a bar ƙofar baya a buɗe a ɗora a kanta. Sannan ka duba lambar nauyin da ke jikin taya: 106 na nufin kilo 950 kowace ɗaya, 110 kuma kilo 1,060. Ka sa masu harafin C, na motocin kaya, da iskar da aka rubuta.

Batun dawowar kuɗi kuma, ɗauki littafi. Rubuta ribar buhunan nan na sama da suka wuce haƙƙinta a kowane zuwa, ka tara ta wata uku. A ɗaya shafin ka rubuta taya, boris, birki, tarar jami'an hanya, da ranakun kasuwar da ka rasa mota na gareji. In ribar ta rinjaya sosai, to kasuwarka ta girmi motarka: ka riƙa tara kaya a ƙauye kana ɗaukar shatar Canter, kai da wani abokin sana'a ku raba kuɗin, Hilux ta tsaya a tattaro kaya daga ƙananan kasuwanni. Daga yanzu kuma ka ware wani abu a kowane lodi da sunan motar, daban da uwar kuɗi, don ran da za a sayi saitin sifirin kada ka taɓa jarin hatsi.