Katakon rufi ya ruɓe, gwaji kuma bai nuna komai ba

Tambaya: Malam, ni injiniya ne, ina kula da gyaran rufin wani masallaci. Katakon da ke daidai inda kwano ke yoyo ya yi ja, yana tsagewa gida-gida. Na kai guntu ɗakin gwaji, aka shuka shi a faranti don a ga abin da zai tsiro, bayan mako guda sai koren funfuna kawai ya tsiro. Kafinta ya ce a shafa baƙin mai a rufe silin. Hankalina bai kwanta ba, jama'a na sallah a ƙasa.

Amsa: Injiniya, kada ka yarda a rufe. Tsagewar nan alamar jan ruɓa ce, ruɓar da naman gwari ke haddasawa, wadda ke cinye selulos (zaren da ke ba katako ƙarfi) ta bar lignin (sinadarin da ke haɗe zaren). Daga ina ka yanko guntun? In daga tsakiyar ruɓar ne, galibi naman gwarin ya riga ya mutu a can. Daga kan iyakar lafiyayye da ruɓaɓɓe ake ɗauka. A shuka a agar na malt (abincin renon naman gwari a faranti) da aka sa wa benomyl (maganin funfuna) da streptomycin (maganin bakteriya), in ba haka ba funfuna irin su Trichoderma za su mamaye faranti. Mako guda kuma ya yi kaɗan. A yanka sili-sili, a rina, a duba zarurrukan naman gwarin da maikiroskof. In da hali a yi PCR (gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA) a sashen DNA da ake kira ITS don sanin jinsin naman gwarin, sai dai DNA ba ya faɗa maka mai rai ne ko matacce.

Maganar baƙin mai kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani ya zo mini da ita. Mai a fatar katako yake tsayawa, naman gwari kuwa yana can ciki yana cin abincinsa. Ka rufe danshi, ka kuma ɓoye alamar da wani zai gani gobe. Ko da ya kashe shi, wa zai mayar da ƙarfin da aka cinye? Jan ruɓa na karya ƙarfin katako tun ido bai ga komai ba, tun nauyinsa bai ragu sosai ba. Wanda ya kai ga tsagewa ya gama aiki. Mai cewa a shafa a rufe, ranar da abin zai rufto ba ya cikin sahu.

A toshe yoyon, a cire katakon har a wuce inda ruɓar ta tsaya, a auna danshin sauran ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Rayukan da ke sujada a ƙasan nan amana ce a wuyanka.